Belarmino Ya Je Neman Kaka, Ya Dawo Da Gwaggo

A ƙauyen Belsorim na ƙasar Goa, in ka ji ana labarin guguwar teku da tsakar rana, babu hadari babu iska, ba sai ka leƙa ba, Belarmino Rebelo ne a shagon Lazaro mai sayar da feni, giyar nan ta yazawa. Ƙuruciyarsa kaf a jirgin ruwa ya ƙarar da ita yana raba wa fasinja shayi, amma a bakinsa kyaftin bai taɓa juya jirgi ba sai ya aiko an tambaye shi. Ya san Lisbon kamar yunwar cikinsa, alhali sau ɗaya jirginsu ya tsaya can, ranar ma yana kwance da ciwon haƙori. Mutanen gari sun saba. Su ce, "Haka ne, Belarmino-bab," da "bab" ɗin nan tasu ta girmamawa, su ci gaba da shan abinsu.

Maganar auren 'yarsa ce ta fitar da kurin daga shago zuwa titi. Jovita ita kaɗai Allah ya ba su shi da matarsa Ermelinda. Malamar makaranta ce, kuma sun daidaita da wani saurayi mai kunya, Nazario Furtado, daga ƙetaren kogi. Saura uwar yaron, Dona Perpetua, wadda miji ya rasu ya bar ta da ƙaton gida mai yoyo da sunan dangi mai nauyi. Ita ba ruwanta da sana'ar mutum, abin da take tambaya wa ya haifi wanda ya haife shi.

Wata Lahadi ta hayo kogi ta zo ganin gida. Ta ɗosana a bakin kujera, ta kurɓi shayi, ta ce, "Rebelo. Na san Rebelo na gidaje da dama. Kakanku ɗan wane gari ne?"

Amsar ba ta da tsawo. Kakan, Manuel Rebelo, wata damina ya sauka a Belsorim da akwatin ƙarfe da lema, ya yi aure, ya haihu, ya mutu, ko matarsa bai gaya wa inda ya fito ba. In an tambaye shi sai ya nuna bayansa da babban yatsa ya ce, "Can." Ermelinda ta buɗe baki za ta faɗi haka, mijinta ya riga ta.

"Dona, mu ba ma son faɗa ne, kada a ce alfahari muke yi. Gidan da kakana ya fito, kafin bayi su gama buɗe tagoginsa da safe, lokacin rufewa ya yi."

"A wane gari?"

"Garin ma kusan nasu ne duka."

"Sunan garin nake tambaya."

"Za ki gan shi a rubuce. Ni ba na son maganar baka. Ƙarshen wata mai zuwa za mu yi masa addu'ar tunawa a coci, in tara gari a ƙofar gidan nan, in nuna takarda, in nuna hoto."

Dona ta ajiye kofi. "To, a ranar sai a yi baiko, in na ga takardar. In ban gani ba, akwai 'yar wani lauya a Margao da ake ta yi mini maganarta."

Ba ta kai bakin kogi ba Ermelinda ta juyo kansa. "Baban Jovita, wane hoto? Kakanka ko madubi bai mallaka ba."

"Ke ba ki san bincike ba. Komai yana cikin littafin coci. Mu da muka zaga duniya..."

"Ka zaga ta da butar shayi a hannu."

Jovita ta ce, "Baba, ka bi ta ka ce ba ka sani ba. Nazario bai damu da kakan kowa ba."

"Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Kafin mako ya zagayo na tono shi."

Washegari ya nufi cocin gari, Lazaro ya rufe shago ya bi shi, don ya ce bai taɓa ganin yadda ake tono mutum ba tare da shebur ba. Fada Anselmo, limamin cocin, tsoho mai haƙuri, ya sauko da littafin ɗaurin aure na wancan zamani, ya buɗe a hankali. Ga sunan Manuel, ga na amaryarsa. Inda aka rubuta garin ango kuwa, gara ta yi biki.

Fada ya ce, "Gara ta riga ka, Belarmino-bab. Harafi ɗaya ta bari, shi ma ta ɗanɗana. Ban sani ba ko T ne ko D."

"Fada, ai rubutun Turawan Fotugis ba a karanta shi a inuwa. Ku matsa."

Ya zaro wani ƙaton gilashin ƙara girman rubutu da ya ce kyaftin ne ya ba shi, ya sungumi littafin zuwa bakin taga inda rana ke dukan katako. Ya saita gilashin a kan harafin, sannan ya waiwaya yana yi wa Lazaro bayanin yadda marubutan Lisbon ke lanƙwasa jelar harafi, da yadda shi kansa ya taɓa gyara wa ɗayansu kuskure.

Lazaro ya saurara har ya kai aya, sannan ya ce, "Belarmino-bab, kakanka yana hayaƙi."

Ya duba. Wani baƙin ɗigo na buɗe baki daidai kan harafin. Ya buga masa hula, wutar ta ƙara faɗi. Ya waiga, ya ga kofin shayin Fada, ya sheƙa shi a kai. Wuta ta mutu, harafi ya tafi, tawadar auren mutanen da ke sama da ƙasa ta narke ta gangaro ta haɗe, har ba a gane wa ya auri wa.

Fada Anselmo ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Fita, ɗana, tun ina iya yafe maka."

Da yamma a shago Belarmino ya ce shi fa ya ga harafin sarai kafin wuta ta kama.

Lazaro ya ce, "T ne ko D?"

"Dukansu harufan manyan mutane ne."

Daga nan sai birnin Panjim, zuwa wani ɗakin ajiya da ake tara tsofaffin takardun ƙidayar jama'a na zamanin mulkin Fotugis. Ya sa farin kwat ɗinsa na jirgi mai maɓallan tagulla. Matar da ke kula da wurin ta jibge masa ƙunshin takardu, kowane ƙauye da igiyarsa, ta ce ya kwance ɗaya-ɗaya, kuma kada ya kunna fanka. Ya ce mata ya yi aiki da takardun da suka fi waɗannan tsufa. Tana fita ya kwance su duka ya baje a tebur, don ya ce gwani da ido ɗaya yake ganin ƙasa baki ɗaya.

Ashe a ƙasar nan duk inda ka jefa tsakuwa kan Manuel Rebelo za ta faɗa. Wannan masunci, wancan mai hawan kwakwa, wani jariri, wani ya haura casa'in. Gumi ya fara tsiyayo masa cikin kwat. Ya samu biyu da shekarunsu suka yi kusa, ɗaya a Talvorim, ɗaya a Dandolem, ya rubuta a tafin hannunsa. Ga T ga D. Daɗi ya kama shi, ya miƙa hannu ya murɗa makunnin fanka don ya sha iskar nasara.

Ƙauyuka suka tashi sama. Wasu suka maƙale a saman kabad, wasu suka bi ta taga suka sauka kan masu jiran bas. Matar ta shigo ta same shi a durƙushe yana cusa mutanen arewa cikin ƙunshin mutanen kudu. Mai gadi ne ya raka shi har titi riƙe da wuyan kwat. A Belsorim kuwa labarin da aka ji shi ne an roƙe shi ya sake musu tsarin ofis, ya ce ba shi da lokaci.

Da Talvorim ya fara, don an ce masa Rebelo na can masu babban gida ne. Kuma gida ya amsa sunansa. Belarmino ya tura ƙofar shinge ba sallama, ya shafa ginshiƙi, ya shiga auna tsawon baranda da taku. Abin da bai sani ba, 'yan uwa biyu ne a gidan, sun raba shi da allon katako, shekara da shekaru suna shari'ar gado, ko gaisawa ba sa yi. Babban ya leƙo ta tagar dama, ƙaramin ta tagar hagu.

Babban ya ce, "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Jikan Manuel ne. Na zo ganin gidanmu."

"Gidanku?"

"Namu duka. Kada ku damu, ni ba ni da rowa. Wancan ɓangaren mai kallon kogi ma ya ishe ni in na zo hutu."

'Yan uwan suka dubi juna, karo na farko tun rasuwar ubansu. Babban ya ce, "Ƙane, kwance naka." Ƙaramin ya ce, "Yaya, kai ma kwance naka."

Karnuka biyu suka fito. Belarmino, da ya sha faɗin yadda ya yi dambe da 'yan fashin teku, ya arce da gudu. Ya rungumi bishiyar kwakwa, ya zame. Ya cafki reshen mangwaro ya ɗare, amma sai da ƙaramin karen ya karɓi rabonsa na bayan wando. A sama kuma jajayen tururuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu. Yana susa yana yi wa 'yan uwan jawabi kan haƙƙin zumunci, su kuwa sun fito da kujeru sun zauna gefe da gefe suna kallo, har ɗaya yana miƙa wa ɗaya taba. Sai da rana ta yi sanyi suka janye karnukan.

A jirgin fito a tsaye ya dawo, bayansa manne da ƙarfe, kwat ɗaure a ƙugu.

Ya ce wa Ermelinda, "Suna ganina suka rikice. Har sulhu na yi musu. Rakiya kuwa da gudu aka yi mini ita."

"Wandon fa?"

"Sun riƙe wani sashe abin tunawa. Amma na duba hancinsu, ba irin namu ba ne. D ne harafin, tun farko na faɗa."

Jovita tana jin su daga ɗaki. Ta fito ta karɓi wandon ta dube shi, ta ce a hankali, "Baba, an ga Dona jiya a Margao, a gidan lauyan nan." Wannan magana ta shige shi. Ya kasa cin abinci, amma da safe ya ɗauki sanda saboda karnuka ya hau bas ɗin Dandolem.

Cocin Dandolem ƙarami ne, limaminsa ya yi tafiya, mai shara ne ya buɗe masa kabad. A littafin baftisma ya samu Manuel Rebelo, shekarar ta yi daidai. A gefen sunan kuma ga wani ɗan rubutu da wata tawada daban, cikin Latin, harshen coci da bai iya ba. Belarmino ya kwafe shi harafi-harafi kamar mai zanen fure, ya ce wa mai shara, "Ka gani? Sarauta ce aka ba shi daga baya. Talaka ba a yi masa rubutun gefe."

Aka nuna masa gidan Teotonio Rebelo. Ya shiga riƙe da sanda, sai ya ji an rungume shi. Yana cewa jikan Manuel ne, Teotonio ya dubi matarsa, matar ta dubi wata ƙofa, fuskokinsu suka washe. Aka zaunar da shi, aka kawo shinkafa da miyar kifi mai kwakwa, aka ƙara masa ba tare da ya nema ba. Sannan aka kai shi bayan ƙofar nan.

Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa a kujera mai lilo, da baƙar riga, da zakara a cinyarta. Teotonio ya ce, "Gwaggo Serafina ke nan, 'yar wan Manuel. Da idonta ta gan shi."

Belarmino ya durƙusa. "Gwaggo, kin san Manuel?"

"Kawu Manuel? Wa bai san shi ba? Duk inda ya bi sai an sumbaci hannunsa."

Belarmino ya waiwayo ya ce, "Kun ji ko?"

"In ya tashi magana, ɗaruruwan mutane shiru suke yi. Rigarsa har ƙasa. Daga baya aka..."

Belarmino ya katse ta. "Ya isa, Gwaggo, kada ki gajiyar da kanki. Sauran na san shi."

Teotonio ya share ƙwallar da babu ita. "Ɗan uwa, mun daɗe muna roƙon Allah ya bayyana mana dangi. Takarda ai takarda ce. Ka tafi da Gwaggo ta yi maka shaida da bakinta."

Belarmino bai gama cewa to ba, an riga an ɗora akwatinta da kujerar lilo a saman bas, sai ka ce tun bara aka ɗaure su. Aka damƙa masa zakara. Bas na tashi ya hango Teotonio da matarsa suna ɗaga hannu da ƙarfin da bai taɓa gani ba wajen bankwana.

Mutanen Belsorim suka fito ƙofa-ƙofa suna kallon shigowarsu. Lazaro ya ce, "Belarmino-bab, matacce namiji ka tafi nema, ka dawo da mace mai rai?"

"Shaida ce. Ku da ba ku san bincike ba sai ku tsaya a takarda."

Gwaggo Serafina ta zaga gidan da sandarta, ta taɓa katifu, ta zaɓi gadon Belarmino. Ta ce miyar Ermelinda ruwa ce aka nuna wa kifi daga nesa. In an ce ta matsa a yi shara ba ta ji, amma in an buɗe gwangwanin biskit a kicin tana jiyowa daga baranda. Zakaran kuma ya zaɓi hular Belarmino wurin kwana. Ermelinda ba ta yi faɗa ba. Ta shimfiɗa wa mijinta tabarma a falo ta ce, "Jikan masu tagogi, ga taga nan kusa da kanka, ka buɗe ka rufe yadda kake so."

Saura hoto. Ya je Margao shagon masu sayar da tsofaffin kayan manyan gidaje, ya bi jerin hotunan matattu yana gwada su da fuskarsa. Ya zaɓi wanda ya fi kowa gashin baki, mai agogon sarƙa, hannu ɗaya a kan littafi. Ya naɗe shi a zanen gado ya shigo da shi ta bayan gida.

Ranar ta zo. An yi addu'a a coci, aka ɗungumo ƙofar gidan Belarmino. An jera kujeru, masu goge da kakaki suna kiɗa da busa, Lazaro ya kawo tulun feni. Dona Perpetua ta zauna a gaba da mafici, Nazario a gefenta yana satar kallon Jovita. Fada Anselmo ma ya zo, ya zauna nesa da mai gida. Gwaggo tana kan kujerar lilo a baranda, kusa da hoton da aka lulluɓe.

Belarmino ya yi jawabi mai tsawo kan wahalar bincike da haɗurran da ya tsallake. Sannan ya ce, "Ba zan cika ku da surutu ba. Ga wadda ta gan shi. Gwaggo, gaya musu wane ne Manuel Rebelo."

Sai da aka maimaita mata. Ta ce, "Kawu Manuel? Allah ya ji ƙan Fada Manuel. Shi ya yi mini baftisma kafin a tura shi Mozambik. Can ya rasu."

Mai kakaki ya sauke kakakinsa.

Belarmino ya ce, "Tsufa ne. Tana nufin mutane na girmama shi kamar fada."

"Fada ne, yaro. Limamin coci. Rigarsa har ƙasa, ba na gaya maka ba?"

Fada Anselmo ya miƙo hannu aka ba shi takardar da aka kwafo. Ya duba rubutun gefen, ya ninke ta. "An naɗa shi limami, ga shekarar nan. Belarmino-bab, mu limaman cocin nan ba ma aure. In dai wannan ne kakanka, to maganar ta fi ƙarfina."

Lazaro ya ce, "Shi ya sa marigayin yake nuna baya ya ce can."

Dariya ta ɓarke har mata na riƙe ciki. Belarmino ya yi ta maza. "Kuskuren marubuci ne. An haɗa Manuel biyu. Ku bar takarda, ku dubi fuska, ku gaya mini ko wannan ya yi kama da limami." Ya fizge zanen gadon.

Jama'a suka zuba wa gashin baki ido. Wani ya ce lalle akwai kama ta wajen kunne. Sai aka ji maficin Dona Perpetua ya faɗi ƙasa. Ta miƙe tsaye.

"Wannan Dakta Honorato Furtado ne. Surukina. Uban mijina."

Belarmino ya ce, "Dona, ai manyan mutane kan yi kama da juna."

"Agogon da ke ƙirjinsa yana cikin aljihun ɗana yanzu haka."

Nazario, da bai iya ƙarya ba, ya zaro shi ya nuna.

Fada Anselmo ya gyara zama. "To, bari mu bi abin a hankali. In wannan kakan Nazario ne, kuma kakanka ne, kai da yaron nan 'yan uwa ne na kusa, sai an rubuta wa Bishop, babban limaminmu, kafin a yi maganar aure. Kuma sai an bayyana masa yadda Dakta ya ajiye iyali a wancan ƙetare da suna ɗaya, ya ajiye wani a nan da wani suna."

Dona ta ce, "Nazario, tashi mu tafi. Ba a taɓa zagin gidanmu irin na yau ba."

Belarmino ya duba hagu ya duba dama. Akwai wani labari da ya fara haɗuwa a bakinsa, na tagwaye da aka raba tun suna jarirai, kuma ya san zai iya jan sa har magariba. Sai idonsa ya faɗa kan Jovita. Ba kuka take yi ba, tana tsaye ne kawai da farantin kek a hannu, tana kallon Nazario da uwarsa ke ja.

Ya cire hula. "Dona, tsaya. Ba kakana ba ne. Saya na yi."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba," in ji Lazaro.

"Na ce saya na yi, a shagon tsofaffin kaya a Margao. Kakana kuwa ban san daga inda ya fito ba. Babu wanda ya sani. Da lema ya zo."

Nazario ya tsaya cak. Ya dubi hoton, ya dubi uwarsa. "Mama, a shago? Ba kin ce an kai shi Bombay a gyara masa katako ba? Tare da kujerun falo da madubin nan babba?"

Wannan karon ba a yi dariya da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Dona Perpetua ta sunkuya ɗaukar mafici, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ermelinda ce ta sauko daga baranda, ta kama hannunta kamar sun shekara suna ƙawance, ta ce, "Dona, rana ta yi zafi. Shigo daga ciki mu sha shayi, mu bar maza da matattunsu."

Abin da suka tattauna a kicin babu wanda ya ji sai Gwaggo, ita kuma ta ce kurma ce. Da suka fito, Dona ta sanar cewa hoton ya dawo daga gyara, kuma ta gode wa Belarmino-bab da ya ɗauko mata shi. Ta ce ita dama abin da take dubawa a wurin yarinya tarbiyya ce. Aka sa wa Jovita zobe, mai kakaki ya ɗauki kakakinsa. Nazario ya saɓa kakansa a kafaɗa suka nufi jirgin fito.

Bayan biki Belarmino ya ɗora Gwaggo da kujera da zakara a bas ya mayar da su Dandolem. Ya tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar Teotonio. Maƙwabta suka ce sun tafi Bombay wurin ɗansu, ba su faɗi ranar dawowa ba. Gwaggo ko saukowa daga bas ba ta yi ba. Ta ce, "Ka gama yawon? Mu koma gida, iska tana shiga mini ƙashi."

Ana nan, shekarar ƙidaya ta zagayo. Wata ma'aikaciya ta zo da jaka da alƙalami, ta same su a baranda, Gwaggo a kujerar lilo, Belarmino a durƙushe yana matsa mata ƙafa. Ya miƙe da sauri ya gyara riga, ya fara gaya mata cewa shi kansa masani ne a harkar ƙidaya.

Matar ta ce, "Madalla. Wane ne mai gidan?"

Gwaggo, da ba ta jin komai tun safe, ta ce, "Ni ce."

"Wannan fa, mene ne dangantakarki da shi?"

Tsohuwa ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Oho. Rana ɗaya na gan shi a kaina. Na tambayi kowa, babu wanda ya san asalinsa. Rubuta mai aiki."

Belarmino ya leƙa cikin gida neman mai cetonsa. Ermelinda tana tsaye a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Rubuta yadda ta faɗa, 'yar nan. Ita ce babba."